Ranar Da Na Yi Wa Tsohuwa Jinyar Zazzaɓi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina, da ranar walimar auren Rabi, 'yata ta uku. Ranar ce na yi wa akwatin katako jinyar zazzaɓi a gaban surukaina. Gara in faɗa da bakina, don masu ba da labarin a unguwa sun fara zuba masa gishiri, har akwai mai cewa wai na ɗura masa jiƙon sabara. Ban ɗura ba. (Abin da na yi ma ya isa.)

Shekarun nan ne da aka fara Shari'a a jiharmu, biki ya sauya kama a Daura. An daina kiran makaɗa, sai walima. Mata zalla a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a kira malama ta yi wa'azi, a raba zoɓo da alkaki, kowa ta tafi da ladanta. Namiji kuwa iyakarsa zaure.

Cikin waɗanda sauyin ya taka akwai wana, Yaya Sale. Makaɗin jita ne tun yana saurayi, ya yi Kano, ya yi Damagaram. Da aka daina kiransa bai yi gardama da kowa ba, ya naɗe jitarsa a zane ya ɗora bisa sif, ya buɗe rumfar gyaran rediyo a kasuwa. Abu ɗaya ne ya ƙi rabuwa da shi: amfilifayar da yake jona jitar, wani akwati mai nauyin buhun gero, sifika a gaba, bayansa a buɗe, da wasu kwalabe a tsaye a ciki kamar ƙwan fitila. Tsohuwa yake ce mata. Duk Juma'a sai ya goge ta, ko da ba ta yi aikin komai ba. Ba ya ba da aronta, ba ya ba da hayarta. Don Rabi ce kawai ya ce zai kawo ta, ya jona mata makirfo, muryar Malama ta kai har bakin titi.

Ni kuma a lokacin kaina yana da ɗan girma. Shekara biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci, na fito da takardar shaida, na sa aka yi mata gilashi na rataye kusa da kwanukan jere. Mutane sun san ni da haƙuri da sanyin murya, shi ya sa ba wanda ya lura cewa girman kai ma yana iya magana a hankali. Kuma akwai darasi ɗaya da na haddace a ajin nan fiye da baƙi da wasali. Idan malamar ta ce, "Akwai mai tambaya?" sai mu haɗa baki mu ce, "Babu!" Wadda duk ta kuskura ta ɗaga hannu, harara za ta sha, don kowa ta baro tukunya a kan wuta.

A al'ada uwar amarya ɗaki take zama, ta lulluɓe, tana amsa gaisuwa. Da na zauna ɗin, da yau ba ni da labari. Sai ga ƙanwata Larai ta leƙo.

"Yaya, fito. Yaya Sale ya ce a turo masa mai kai, ya nuna mata yadda ake kunna abin nan."

Mai kai! Ban san lokacin da na tashi ba.

A bakin zaure na tarar da gwaggon ango, Hajiya Asabe, wadda ta jagoranci dangin ango daga Zango. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ta yi ritaya, tabarau rataye a wuya da sarƙa. Ita nake tsoro a duk dangin nan. Larai kuwa (Allah ya shirya bakin yarinyar nan) sai ta ce, "Hajiya, ai ita ce 'yar bokon gidanmu. Ita ke karanta wa unguwa wasiƙa."

Hajiya ta ce, "Masha Allah." Ta ɗora tabarau a hanci.

Yaya Sale ya durƙusa gaban Tsohuwa ya fara bayani da sauri kamar mai gwanjo. "Ki kunna wannan, ki ba ta lokaci, sannan ki ɗaga wannan. Wannan ki tsayar da shi nan. Waɗannan biyun kada ki taɓa su, na jita ne. Bayanta kuma ki bar shi ya sha iska. Kin gane?"

"Wannan" na ji har sau uku, yatsansa kuwa ya fi idona gudu. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai rubutu, na haɗa baƙin a zuciyata, suka haɗu tsaf, amma Turanci ne, ba su ce mini komai ba.

Na ce, "Na gane."

"Babu tambaya?"

Tambaya huɗu ce a bakina, suna tura juna. Wanne ne na farko? Lokaci nawa? Waɗanne biyun? Iska ta mece ce? Na saci kallon tabaran Hajiya. Na ce, "Haba Yaya."

"Ƙanwata, Tsohuwa ba rediyo ba ce. In akwai abin da ya shige miki duhu, faɗi."

"Yaya, ana kiran la'asar."

Ya kaɗa kai, ya ɗauki buta ya fita. Bayan fitarsa Hajiya ta sunkuya ta ce, "Ni kam ban gane ba. Me ya sa makunni biyu?"

Ku ji ni, da muryata mai sanyi: "Ɗayan na ajiya ne, Hajiya. Ko da na farkon zai lalace."

Ta ce, "Ikon Allah." Ta cire tabarau.

Mu huɗu muka ciccibi Tsohuwa zuwa tsakar gida, muka ɗora ta a kan turmin da aka kifa. Bayan salla mata suka cika, har kan dakalin rijiya. Malamar Islamiyyarmu ta gyara zama, ta karɓi makirfo. Na yi bisimilla na kunna na farko. Wata 'yar jar fitila ta kama. Malama ta hura, fu, fu. Shiru. Ta ƙwanƙwasa da yatsa. Shiru.

Idanu suka dawo kaina. To, idan rediyo ya ƙi magana me ake yi? Sai na bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya ina murɗawa har ƙarshe, da waɗanda aka ce in taɓa da waɗanda aka ce kada in taɓa, tunda dai ban san wanne ne wanne ba. Shiru.

Hajiya ta matso ta yi ƙasa da murya. "Uwar amarya, ko a aika a tambayi mai ita? Ga shi can ƙofar gida."

Taku goma ne tsakanina da zaure. Na ce, "A'a Hajiya, ƙaramin abu ne." Na kai hannu na ɗaga makunnin ajiyata.

Wata ƙara ta tashi da ban taɓa jin irinta ba, kamar an taka wutsiyar aljani. Kaji suka haye katanga, jarirai suka tsala ihu tare, wata baƙuwa daga garin Babban Mutum ta yar da kofin zoɓo ta yi salati ta nufi ƙofa ba takalmi. Na dinga mayar da maɓallai baya har ƙarar ta mutu. Biyu na ƙarshe ban kai gare su ba. Ba sai na gaya muku waɗanne biyu ba ne.

Malama ta yi gyaran murya ta yi sallama. Abin da ya fito daga Tsohuwa shi ne, "Assala-a-a-mu alai-ai-ai-kum," murya na karkarwa kamar wadda aka goya a babur kan hanyar burji, kuma tana amsa kuwwa kamar daga ƙasan rijiya. Ashe aikin maɓallan jitar ke nan, su sa sauti ya yi rawa, ya ja wutsiya.

Da farko abin ya yi mini kyau. Malama ta fara da mutuwa da kwanciyar kabari, mata suka ɗauka tsoron Allah ne ya kama muryarta. Wata ta ce, "Allahu Akbar, ku ji yadda jikinta ke ɓari." Aka fara share hawaye da bakin hijabi. Na ɗan gyara tsayuwa, har ina satar kallon Hajiya.

Sai Malama ta shiga babin kiɗa. Ta ce mu gode Allah da ya raba bukukuwanmu da kayan kaɗe-kaɗe. Ta ɗaga murya, Tsohuwa kuwa ta ɗauki kowace kalma tana lilo da ita, daidai wa daida, kamar ana kirga taku. Iya Tabawa, maƙwabciyarmu, wadda ta ci zamaninta a filin rawa kafin gwiwa ta ci amanarta, sai na ga kafaɗunta sun fara motsi ƙarƙashin hijabi. Ta lumshe ido ta ce da ƙarfi (kurma-kurma ce, ba ta san raɗa ba), "Wallahi wannan Tsohuwar Sale ce. Ko a mafarki na san muryarta." 'Yan mata suka fara ƙunshe dariya. Malama ta dakata, ta juyo ta zuba mini ido.

Na zaga bayan akwatin, don in ɓuya da kuma don a ga kamar ina gyara. Nan na ga kwalaben nan sun yi jajur kamar garwashi. Na kai bayan hannuna kusa, yadda ake taɓa goshin yaro. Zafi rau!

Ku yi mini adalci a nan. 'Ya'ya bakwai na raina. Jiki ya yi zafi, murya na karkarwa, me ke nan? Ko a asibiti aka je amsar ɗaya ce. A karo na farko tun safe na ji na tsaya a kan abin da na sani. Na zari tawul daga igiya, na tsoma a randa, na ɗan matse.

Hajiya ta ce, "Uwar amarya, kin tambaya kuwa?"

Na ce, "Wannan kam fannina ne, Hajiya." Na yi bisimilla na shimfiɗa a kan kwalaben.

Tas! Tas! Wani abu ya fizge ni daga yatsa har gwiwar hannu, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, ɗankwali a gefe. Hayaƙi siriri ya tashi da warin ƙonannen gashi. Jar fitilar ta mutu.

Malama ce ta fara farfaɗowa, da 'yar muryarta ta ainihi, wadda ko layi na uku ba ta kaiwa. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kun gani? Allah ya kashe kayan kiɗa ta hannun baiwarsa!" Mata suka ce, "Allahu Akbar!" Ga ƙofar tsira an buɗe mini, har da tabarma. Da na yi shiru, da yau waliyyiya ake ce mini. Amma ina zaune a ƙasa, kaina na juyawa, sai na ji bakina ya ce:

"Ba haka ba ne, Malama. Zazzaɓi ne da ita."

Ban taɓa sanin mata masu hijabi suna iya birgima a tabarma ba sai ranar. Larai ta riƙe ciki tana neman numfashi. Iya Tabawa tana ta tambaya, "Me ta ce? Me ta ce?" aka faɗa mata a kunne da ihu, aka sake sabon zagaye. Rabi, amarya, tana cikin ɗaki a lulluɓe, daga baya ta ce mini ta so ƙasa ta tsage mu shige tare.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta yi taku goman nan da na ƙi takawa, ta tsaya jikin labulen zaure, kowa na ji.

"Malam Sale, don Allah ina da tambaya. Kwalaben nan dama zafi suke yi?"

"Hajiya, ai in ba su yi zafi ba ba ta magana. Shi ya sa ake jira kafin a ɗaga na biyu. Lafiya dai?"

"To, in ruwa ya taɓa su fa?"



Sai da mata suka watse, kafin magariba, Yaya Sale ya shigo. Ya ɗaga tawul ɗin da yatsa biyu. Ya tsince fasassun kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya zuba a hularsa. Na so ya yi faɗa, bai yi ba.

Ya ce, "Da hannunki ya ƙara gaba kaɗan, da zaman makoki aka juya walimar nan." Ya shafa saman akwatin. "Ruwan sama ya dake ta a Damagaram ba ta mutu ba. Shari'a ta zo ba ta kashe ta ba. Sai 'yar boko da tawul." Ya ɗago ya dube ni. "Sau uku na tambaye ki, ƙanwata."

Ya nemi irin kwalaben har Kano. Ya samo wasu, amma ya ce abin da ya ƙone a ciki ya wuce kwalba. Tsohuwa tana rumfarsa har yau, an ɗora mata matattun rediyoyi a ka. Ya daina goge ta. Duk ranar da na bi ta kasuwa sai ya ƙwanƙwasa ta ya ce, "Tashi ki gaida likitarki." Ina dariya, amma ba har ciki ba.

Hajiya kuwa ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, sai da Rabi ta haihu, yaron ya yi zazzaɓin haƙori. Ta aiko daga Zango: a kira kakarsa ta Daura, ita ce gwana, amma a fara ɓoye rediyo.

An ce tambaya rabin ilimi ce. Ni ashe shekara biyu na yi ina zuwa aji, na kwaso ɗaya rabin, na sa masa gilashi, na baro wannan a can. Yanzu kam ko ashana aka miƙo mini sai na ce, "Ta wane kai ake ƙyastawa?" 'Ya'yana har gajiya suke yi da ni. Su gaji. Takardar tana nan a rataye inda take, ban sauke ba. Na dai buga ƙusa a ƙasanta, na rataye tawul ɗin.