Akwai Wuta a Gidan Nan? Rasuwar Laitata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa laifina ne, ni Woru Dafiya na unguwar Banikanni a Paraku nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar laitata. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, a barandar gidanmu, a cikin tafin hannuna, mahaifina yana kallo. Shekara goma sha tara muka yi tare. Ban san nawa ta yi a duniya kafin ta zo hannuna ba.

Marigayiyar ƙarfe ce, mai murfi, mai lagwani, mai shan fetur. Na same ta a Rasha, a shekarata ta farko ta karatun injiniya. Wani ɗan ajinmu, Timur, ya ga iska tana kashe mini ashana ɗaya bayan ɗaya a ƙofar ɗakunan kwana, ya miƙo mini ita ya ce in riƙe. Shi ne dai ya koya mini taba, wai tana ɗumama ƙirji. Ƙarya ce. Amma sanyin garin ya isa ya sa mutum ya yarda da kowace irin ƙarya. Shekara takwas muka yi a can, goma sha ɗaya a nan.

Duk wanda ya yi hulɗa da ita zai shaide ta da haƙuri. Ba ta da tsirfa wajen abinci. A can ta sha man da aka yi dominta, da muka dawo ta koma fetur ɗin kwalba na bakin titi ba ta ɓata fuska ba. Iska ba ta kashe ta. Ba ta da rowa, wutar da ta ba darekta ita ta ba ɗan acaba. Kuma tana da riƙon sirri. Kullum da ita nake shiga masana'antar gurzar auduga inda nake aiki, wurin da aka haramta ko da ƙwayar ashana, ba ta taɓa tona ni ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Maganarta uku ce a duniya. Ƙyal, idan an buɗe murfi. Fuu, idan wuta ta kama. Ƙwas, idan an rufe. Na san mutanen da suka fi ta surutu ba su faɗi rabin abin da ta faɗa ba.

Babban aikin da ta yi a rayuwarta ba kunna mini taba ba ne. Ga shi.

Ni ɗan fari ne. Mahaifina, Baa Dafiya, bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba zai kira ba. Ina da shekara huɗu aka ba da ni riƙo ga ƙaninsa a Ndali, daga can makarantar kwana, daga can jirgin sama. Da na dawo na tarar Inna ta rasu, na tarar da wani tsoho a baranda wanda hancinmu iri ɗaya ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban bishiyar mangwaro. Wata biyu muka yi a haka. Idan yana so in ji wata magana, sai ya kira ƙanwata Yon, ina zaune a wurin, ya ce: "Ki faɗa wa baƙon nan ƙofar baya ba ta rufuwa."

Wata rana bayan la'asar ya cika lofensa da taba, ya lalubi aljihu, ya dubi mangwaron ya ce:

"Akwai wuta a gidan nan?"

Ba kowa a barandar sai ni. Ban taɓa shan taba a gabansa ba, kuma fitar da laita daidai yake da amsa laifi. Na ɗan tsaya. Sai marigayiyar ta amsa a madadina. Ƙyal. Fuu. Bai dubi fuskata ba, ita ya duba. Ya ja hayaƙi, ya fesar, sannan ya sa ƙafa ya turo mini 'yar kujera. Na zauna.

Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Shi ya tambayi bishiya, ita ta amsa, ni in zauna har lofen ya ƙare. Wani lokaci ya gaya wa hayaƙin cewa doya ta yi kyau bana, ko kuma wane ya rasu a ƙauye. Ni kuma in gaya wa laitar cewa injin na biyu ya sake lalacewa. Duk abin da na sani game da mahaifina a cikin wannan hayaƙin na ji shi. A gabansa ban taɓa kunna tawa ba. Sai ya shiga ciki nake zagayawa bayan gida.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga ciwon da ba nata ba. A farkon damina tarin Baa ya ƙi tsayawa, na kai shi asibiti. Likitar, wata mace mai tabarau da ba ta kai ni shekaru ba, ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila ta daɗe tana dubawa. Ta juyo ta ce da ni:

"Kai ma kana sha?"

"Kaɗan," na ce.

Ta dubi yatsuna biyu da suka rine. "To, ku biyu ne marasa lafiyar. Baba dai ya riga ka shiga layi."

Ba ta tambayi wanda ke kunna masa ba. Ni na sani. Sau ɗaya kowace rana, shekara goma sha ɗaya, da babban yatsana na dama. Na iya lissafi, aikina ne. Wannan na ƙi yin sa.

A ranar na bar taba. Ban jefar da marigayiyar ba, ban kyautar da ita ba. Abin da na yi ya fi haka muni: na bar ta a aljihu na hana ta fetur. Da la'asar ta yi, Baa ya cika lofe ya tambayi mangwaro kamar kullum. Na ce:

"Babu."

Ita ce kalma ta farko da na taɓa mayar masa da bakina, kuma ƙarya ce, laitar tana nan kwance a kan cinyata. Ya riƙe lofen jim kaɗan, ya mayar aljihu. Ƙafarsa ba ta taɓa kujerar ba. Na tsaya a tsaye kamar wanda ya zo karɓar saƙo, sannan na wuce. Washegari ya tambaya, na ce babu. Rana ta uku haka. Rana ta huɗu bai tambaya ba.

Wata biyar ke nan.

A cikin watannin nan magada suka fara rabon aljihunta tun tana da sauran numfashi. Cingam ɗin magani ya fara zuwa, mai ɗanɗanon barkono da sabulu, ya sa muƙamuƙina ciwo. Sai filastar da ake mannawa a dantse, wadda ta bar mini ƙaiƙayi da zafin rai. Sai sigarin lantarki da abokin aikina ya kawo mini daga Kwatano, mai ƙamshin mangwaro. Matata Bake ta shaƙa sau ɗaya ta ce: "Maigida, ka bar taba ne ka koma shan turaren ɗaki?" Sati uku ya yi, shi ma na ga sarƙa ce ta canza launi, na ajiye. Namijin goro ya ɗan taimaka. Wanda ya ci gadon a ƙarshe shi ne wanda ba a yi zato ba: asawaki. Ina tauna shi kamar akuya, safe da rana. Ban sake kunna taba ba. Numfashina ya dawo, ina jin ɗanɗanon miya, na hau bene ba tare da hutawa ba. Ba ɗaya daga cikin magadan nan da ya iya amsa tambayar da aka yi wa bishiya.

Baa kuma ya daina fitowa baranda da wuri. Sakwarar da yake cinye malmala biyu ta koma rabi. Ko wagashi, wato cukun nono, aka soya masa sai ya ture. Ranar Laraba Yon ta zo daga gidan mijinta, ta leƙa ɗakinsa, ta fito ta tare ni a tsakar gida.

"Sannu, Injiniya. Ka gyara huhun ka toshe bakin."

"Likita ce ta hana."

"Likita ta hana hayaƙi. Ita ta hana ka zama? Je ka zauna da shi."

"Da wane dalili?"

Ta tafa hannu. "Jama'a, ku ji mini Yaya! An kai shi ƙasar ƙanƙara shekara takwas, ya dawo yana neman dalilin zama da ubansa."

Ta faɗi gaskiya, amma ita ba 'yar fari ba ce. Ita tana iya shiga ta zauna a bakin gadonsa ta yi masa faɗa. Ni ƙofa ɗaya na sani, kuma da hannuna na rufe ta.

Saboda haka ranar Alhamis na yi abin da zan ci gaba da jin kunyarsa. Na sayi fetur, na jiƙa audugar marigayiyar, na zo baranda. Na yanke shawara in kunna masa, ko sau ɗaya, bayan na ga hoton da idona. Ya ga abin da ke hannuna. Ya fito da lofen a hankali. Na durƙusa.

Ƙyal.

Na murza. Ba tartsatsi. Na sake murzawa. Damina guda ba a taɓa ta ba, gumi da laima sun cinye ɗan dutsen da ke ciki, tsatsa ta kama haƙoran da ke karta shi. Sau bakwai na murza har yatsana ya yi zafi. Fuu ɗin bai zo ba. A nan ta cika. Na kashe ta da yunwa don in ceci mahaifina, na zo in tashe ta don in ƙarasa shi, ta ƙi. A cikinmu mu biyu ita ce mai hankali.

Baa ya miƙo hannu. Ba bishiya ya duba ba.

"Ba ni ita."

Na ba shi. Ya juya ta, ya shafa inda yatsana ya goge mata fenti. Ya buɗe. Ƙyal. Ya rufe. Ƙwas.

"Bakinta bai mutu ba," ya ce.

Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da kwalin ashana, cike, gefensa duk ya tsufa. Ya ajiye shi a ƙasa, ya ɗora lofen a kai, ya sa laitar a inda suka fito. Na dubi kwalin. Yon tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu.

"Kai kaɗai ne a gidan nan ba ka sani ba," ta ce. "Bai taɓa rabuwa da ashana ba. Lofen ma tun rasuwar Inna ya ajiye shi. Dawowarka ce ta sa ya ɗauko."

Baa ya gaya wa mangwaro cewa wasu mata ba su iya riƙe baki ba.

Ban yi kuka ba, ba na yi. Na dai fahimci cewa shekara goma sha ɗaya wani tsoho ya yi yana shaƙar hayaƙin da ya riga ya bari, don ɗansa ya sami dalilin zama. Da na tambayi ƙanwata tambaya ɗaya tak a shekarar farko, da wataƙila hoton nan bai yi duhu haka ba. Wataƙila kuma da ya yi. Likitar ba ta iya ce mini ko ɗaya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar lofe ɗaya, wanda yanzu yake takaba a saman kabad ɗin Bake, da rabin kwalbar fetur da ba ta sha ba, da tabo a cinyar wanduna shida, da ƙone-ƙone a bargon da na zo da shi daga Rasha, da ni, da Baa Dafiya, wanda ta yi wa hidima da cuta a lokaci guda, ba da saninta ba.

Game da jana'iza. Na tambayi Malam Sero, limamin masallacinmu, ko akwai abin da ya kamata a yi mata. Ya ce: "Ƙarfe ba shi da hisabi, Woru. Hisabin na babban yatsa ne." Don haka ba wanka, ba salla, ba kabari. Gawar tana aljihun hagu na rigar Baa, a nan za ta zauna.

Zaman makoki kullum ne bayan la'asar, a barandar gidanmu, ƙarƙashin mangwaro. Mai zuwa kada ya zo da taba, kada ya zo da ashana, kada kuma ya kawo mana sabuwar laita, wani ya riga ya gwada an mayar masa. Asawaki muna karɓa. Baa ya ce na ɗaci ya fi so.

Ba a sa ranar tashi daga makokin ba. Likitar Baa ta ce ba ta san ranar ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Wanda ya iso ya ji ƙyal da ƙwas daga baranda, ya ɗan dakata a ƙofa, ni ake kira. Jiya da na fito, Baa ya ɗaga laitar yana duban bishiya ya ce:

"Akwai wuta a gidan nan?"

"Babu, Baa."

Ya sa ƙafa ya turo kujerar.

"To, zauna."