Yadda Za Ka Zaɓi Tsohuwar Libarba Don Neman 'Yar Mista Harlan

"Ɗan nan, ka taɓa harba bindiga kuwa?" in ji Madam Odessa, tsohuwar da ke da tebur na uku daga ƙofa a kasuwar bindigogi ta ranar Asabar.

"A cikin littattafai, ba adadi," na ce.

"To cire yatsanka daga kan kunama, ka kuma daina saita min ita a ciki."

Ka ji mafarin ƙwarewata. Sunana Emmet, ina aiki a ɗakin karatu na garinmu a gabashin Kentucky, kuma ina son Lorena irin son da ke sa mutum ya tafi aiki da takalmi wari da wari. Mahaifinta, Mista Harlan, ya taɓa cewa a wurin cin abinci, idonsa a kan wake amma da ni yake, wai namijin da babu komai a ƙugunsa ko kaza ba zai iya tsarewa ba, balle 'yar mutum. Ni kuwa saura kwana takwas in je neman aurenta. Kai da ke cikin irin halina, bi matakan nan daki-daki. Na yi maka alkawari, gidan surukanka ba za su taɓa mantawa da kai ba.

Mataki na ɗaya: Zaɓa da zuciya, ba da hankali ba

Wuce sababbin bindigogin roba ko kallo kada ka yi musu, ba su da tarihi. Nemi libarba, ƙaramar bindigar hannu, wadda ta girmi ubanka, mai gajeren baki, baƙinta ya koɗe a gefe-gefe. Da na ɗauki tawa sai na ga ruwan sama, na ga ɗan sandan ciki cikin doguwar kwat yana jiran macen da ba za ta zo ba. Hawaye ya cika min ido.

"Ta wani likitan haƙori ce," in ji Madam Odessa. "Shekara arba'in tana cikin safa."

Kada ka saurari irin wannan magana. Masu sayarwa ba sa karatu.

Mataki na biyu: Nemi marar nauyi

Ka ce a ba ka ta alminiyam. Auna ta a tafin hannu: in ta fi ƙaramin littafin waƙoƙi nauyi, ajiye ta. Za su ce maka nauyin da bindiga ba ta ɗauka ba, hannunka ne zai ɗauka. Yi murmushi kawai. Masoyi bai san zafi ba.

Mataki na uku: Gwada ta sau ɗaya

Masoyi ya san zafi. Na je filin koyon harbi da harsasai marasa ƙarfi, yadda aka gargaɗe ni saboda tsufanta. Harbi ɗaya na yi. Takardar da na auna tana nan lafiya lau, ni kuwa na kwana uku ban iya riƙe alƙalami ba. Harbi ɗaya ya isa. Wanda ya yi na biyu, nuna kai yake yi.

Mataki na huɗu: Ɓoye ta

Amfanin ɓoyayyar bindiga shi ne kada kowa ya sani, kuma nan ne baƙin cikin yake, tunda don a sani ka saya. Saka ta a kube cikin wando, ka saki babbar riga a kai. Bayan kowane taku biyar ka shafa wurin, don ka tabbata tana nan.

Sai ka yi hattara da coci. Matan cocinmu ba sa gaisuwa sai da runguma. Ranar Lahadin da zan je neman auren na yi ta ba su kafaɗar hagu, ina tafiya a karkace kamar ƙaguwa, har matar fasto ta ja ni gefe.

"Emmet, ƙoda ce? Haka marigayi yayana ya fara."

Mataki na biyar: Gaban suruki

Bayan mun ci soyayyar kaza da wainar masara a gidansu, muka fita baranda da shayi mai ƙanƙara, ni da Mista Harlan da Lorena. Na haddace jawabi shafi biyu. Na buɗe baki ke nan ya ce, "Ɗana, abin da kake ta shafawa tun safe, ciro mu gani. Har makahon da ke kaɗa mana molo a coci ya san da ita."

A nan ka nutsu, akwai ladabi. Buɗe gangar nan mai juyawa da ake zuba harsashi, zazzage ta, ka miƙa a buɗe, mariƙin yana fuskantarsa. Haka na yi, ban kuskure ko ɗaya ba. Ya karɓa, ya ɗaga ta ga haske, sai na ga fuskarsa ta yi laushi.

"Irin ta mahaifiyata ce," ya ce a hankali. "Cikin aljihun rigar girki take ajiye ta."

Ya maido min ita a buɗe. Ya kira ni Emmet, karo na farko cikin shekara biyu.

To, ka san yadda jarumai ke yi a fim: fizgar hannu ɗaya, gangar ta koma ta rufe, ƙas! Na yi mako ina koyo a zuci. Abin da fim ba ya faɗa shi ne wannan fizgar tana lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da gangar, kuma a wurin masu son tsofaffin bindigogi gara ka mari kakarsu.

Na fizga. Ƙas!

"Wayyo, Emmet," in ji Lorena, ta rufe ido.

Mista Harlan ya ajiye kofinsa. Ya zare libarbar daga hannuna kamar mai karɓar jariri daga hannun mashayi. "Shekara saba'in ta yi a duniya," ya ce, "ba wanda ya ci mutuncinta sai yau, a barandata."

Jawabin shafi biyu ya gudu. "Yallaɓai, don in tsare Lorena na saya. Aurenta nake so."

"Ka tsare wa?" Lorena ta ɗan ɗaga gefen rigarta. Ga tata nan a ƙugu, cikin tsohon kube da ya sha jiki. "Tun kafin in san ka take nan, masoyi. Shekara biyu kana rungumata kana karanta min waƙa, ba ka taɓa lura ba."

Kafin ka ji hukunci

Ni Emmet na wanke hannuna, har da wanda ya kumbura. Wando in ya zame, matar fasto in ta sa sunanka cikin addu'ar marasa lafiya, suruki in ya daina amsa gaisuwarka, babu ruwana. Na yi alkawarin ba za a manta da kai ba, ban ce da alheri ba.

Mista Harlan ya daɗe yana juya gangar kusa da kunnensa, yana saurare. Ya dubi 'yarsa.

"Kina son sa a haka?"

"A haka, Baba. Wani dai ya kamata ya tsare shi."

Ya naɗe libarbar cikin hankicinsa, ya miƙe tsaye.

"To na yanke. Lorena tana iya kare kanta daga gare ka, ka aure ta. Wannan baiwar Allah da ka ci wa mutunci kuwa ba ta da kowa. A gidana za ta zauna."