Yadda Za Ka Ƙera Wasan Kwamfuta Ba Tare da Ka Ƙera Komai Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin kakar albasa duk unguwar Badariya za ta kira ka injiniya. Munzali ɗan Malam Maliki ya bi su, kuma sun yi masa aiki, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba.

1. Guji farawa daga tushe
Akwai manhajar ƙera wasa, inda kai za ka gina komai da hannunka. Kada ka kusance ta. Labbo, abokin Munzali, tun bara yake fama da ita, abin da ya samu shi ne wani ɗan akwati mai tsallake rami. Yara sun kalla sau ɗaya suka tambaye shi ko kwamfutar ce ta lalace.

2. Yi wa wasan wasu kwaskwarima
Samo faifan wasan ƙwallon da Turawa suka gama wahalarsa. Canza riguna, canza sunaye. Munzali ya mai da ƙungiya ɗaya Badariya, ɗaya Argungu, ya manna fuskar mai shayin unguwa a gola. Masana sun tabbatar cewa wanda ya ga unguwarsa a allo ba ya tambayar wa ya yi allon.

3. Amsa sunan
In an ce kai ka ƙera, sunkuyar da kai kawai. Da wannan sunkuyon Malam ya ba Munzali zauren gida ya zuba kwamfutoci don yara su riƙa buga wasan, har yana faɗa wa abokai ɗansa ya yi ilimin zamani.

4. Kada ka taɓa cewa ba ka iya ba
Ran nan Malam ya leƙo ana kiran La'asar, yara ko motsi. Ya ce, “Tunda kai kaƙ ƙera abin ga, ka sa shi shi tsaya da kainai in an kira salla. In ba haka ba, in rufe zauren.”
“An gama, Baba.”
Munzali ya ruga wurin Labbo. Labbo ya ce a nasa wasan aikin shan shayi ne, amma wanda ya ɗinka riga bai da iko da ƙashin mai ita.

5. Yi amfani da ƙafa
Munzali ya jawo wayar wuta ta ƙarƙashin teburinsa. Ladan na buɗe baki, babban yatsan ƙafa ya fizge wayar, allo ya yi baƙi. Malam ya yi murna har da ƙwalla. Lura: daga yau ba ka da biki, ba ka da zazzaɓi.

6. Kada ka je Argungu
Munzali ya je ɗaurin auren aboki, da niyyar dawowa kafin Azahar. Mota ta mutu a hanya. A ranar kuwa Malam ya gayyato malamai 'yan'uwansa su ga na'ura mai jin kiran salla. Ladan ya kira, ya gama, Badariya ta ƙara ci ɗaya, yara suka sa ihu.

Da yamma Munzali ya tarar da kwaɗo a ƙofar zaure, Malam na zaune a gefe. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan.
“Da ka ce min ba ka iyawa, Munzali, ai da ni na zauna ina cire maka wayar.”

Sanarwa: marubucin nan bai san ka ba. Duk wanda ya rasa zaure, ko ya kasa haɗa ido da mahaifinsa, ya tuhumi babban yatsansa.