Gaisuwa a Tsakiyar Titin Tambuwal

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na sha ƙoƙarin in manta, da ranar da na durƙusa na gaida Baffana a tsakiyar babban titin Tambuwal.

A Kebbe, inda na tashi, yaro ba ya wuce dattijo a kan keke. Za ka sauka, ka tura keken da hannu, ka rusuna ka yi gaisuwa, sai ka ba da 'yar tazara sannan ka sake hawa. Baffa Ummaru, yayan mahaifina, shi ya koya mini wannan, kuma ba da baki kawai ya koyar ba.

Keken da nake magana a kai na mahaifina ne. Baƙi ne, irin na da, mai nauyi. Da Allah ya yi masa rasuwa, Baffa ya rataye shi a zaure ya hana kowa taɓawa. Ni da ƙannena biyu, mu uku muke son sa. Sai da na sami aiki a Tambuwal ya sauko da shi, ya goge sirdin da hannun rigarsa, ya ce, "Ubanka bai taɓa kada shi ba. Ka riƙa shi yadda yar riƙa shi." Abin da mahaifina ya bari wanda hannu zai iya taɓawa ke nan, kuma ni aka zaɓa.

Tambuwal ba Kebbe ba ce. Hanyar Sakkwato ta ratsa garin, kuma ranar kasuwa titin na tireloli ne da bas-bas da 'yan kabu-kabu. Mai keke lallaɓawa yake yi a gefe, kamar wanda ya zo biki ba gayyata. Cikin wata uku na iya wannan lallaɓawar, har ina jin kaina (a zuciyata na riga na zama ɗan birni, saura mota kawai).

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na shiga titi zan tsallaka kusa da tasha. Ina tsakiya sai na hango Baffa a ɗaya gefen, tsaye da abokansa biyu. Sun kawo raguna kasuwa.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na daɗe ina gaya wa mutane wai sabo ne, ƙafata ce ta sauka da kanta. Ba haka ba ne. Na ga tirelar albasa tana tahowa a hankali daga dama. Na ga bas a bayana. Tsakanina da bakin titi bai fi taku goma ba, kuma na san haka. Amma na ga abokan Baffa suna kallona, sai na so su koma gida su ce aikin gwamnati bai ɓata ɗan marigayi ba. Yabon nan nake nema, kuma na yi lissafin cewa zai fi armashi idan an ga na sauka tun daga nesa.

Na wurga ƙafa zan sauka, sai gefen rigata ya maƙale a sirdi. Na fizge. Rigar ta fita, keken ma ya fita daga hannuna, ya kwanta dama. Direban bas ya taka birki har fasinjoji suka yi salati. Tirela ba ta tsayawa nan take. Tayarta ta baya ta bi ta kan keken, da wata 'yar ƙara kamar an taka gwangwani.

Ni kuwa ina durƙushe. Kuma, Allah ya yafe mini, sai da na faɗi abin da na sauka in faɗa.

"Baffa, barka da rana. An zo lafiya?"

Direban bas ya leƙo ta taga. "Malam, nan zauren gidanku na?"

Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Ku ƙyale shi shi ida gaisuwa, bai tambayi mutan gida ba tukuna!"

Aka bushe da dariya, har da masu sayar da rake. Baffa bai amsa gaisuwata ba. Ya ɗaga hannu ya tsai da motoci, ya tako a hankali, ya wuce ni, ya sunkuya ya ɗaga keken. Ya naɗe kamar ƙugiya, tayar baya tana lilo. Ya daɗe yana duban sa.

Ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "Ummaru, wanga shi na ɗan naku mai aikin gwamnati?"

Baffa ya ce, "Shi na." Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka ji ciwo?"

Na ce a'a.

"To tashi, kana tare wa mutane hanya."

Mun kai keken wurin mai gyara. Ya juya shi sau biyu, ya ce ƙashin bayan ya karye, ko an yi walda ba zai sake tafiya daidai ba, sai dai a sayar wa masu sayen ƙarfe. Baffa ya ce ba na sayarwa ba ne. Da la'asar na tsaya a tasha ina kallo aka ɗaure shi a kan mota, tsakanin buhunan gishiri, zuwa Kebbe. Bai ce in riƙe ko da ƙararrawar ba, ni ma ban iya roƙo ba.

Har yau bai yi mini faɗa a kan wannan ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ƙannena biyu ma ba su taɓa tayar da maganar ba, sai dai idan ana hirar mahaifinmu aka zo kan keken, sai kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Yanzu idan na hango babba ina kan hanya, sai na tsallaka, na sami inda zan tsaya, sannan in gaishe shi. Shekaru ke nan ina haka, kuma ban haɗu da dattijo ko ɗaya da ya lura na makara da minti guda ba.