Birgin Kakana a Tafkin Greensboro

Ko na tsufa ina dogara sanda, ba zan manta da Asabar ɗin da na kai surukata kallon kamun kifi ba. Ni da kaina na buɗe mata ƙofar mota, ni na shimfiɗa mata darduma a bakin ruwa, don ta zauna ta ga abin kunyata da kyau.

Lokacin matata Saudat ta haihu da kwana goma, mahaifiyarta, Hajiya, ta zo daga Funtuwa har Greensboro, ƙasar Turawa inda nake karatu, don wankan jego. Hajiya mace ce mai kawaici, ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, amma na san a wurinta ni ɗan boko ne kawai wanda in aka ɗauke masa kwamfuta sai ya kwana da yunwa. Wata safiya ta duba kifin da na sayo a wani shago a Gate City Boulevard, ta ƙwanƙwasa shi a bakin tukunya, ta ce wa Saudat wannan ya fi shekara da rasuwa. Mai jego, in ji ta, farfesun ɗanyen kifi take bukata.

Maganar ta sosa ni. Ni fa ɗan Yawuri ne, kuma kakana Sarkin Ruwa ne a ƙauyenmu. (Abin da ban cika faɗa ba shi ne tun ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, rabona da kwale-kwale ke nan.) Nan take na yi alƙawarin Asabar za a ci kifin da ya kwana a ruwa. Na yi niyyar ranar Hajiya ta san wanda ta ba 'yarta.

Ban yi abin a makance ba, na sayi lasisin kamun kifi ta waya, har na nuna wa Saudat. Sannan na ciro birgin da kakana ya ba ni tsaraba, wato ragar nan ta jifa mai dalma a baki, wadda ta shekara huɗu a ƙasan akwatina. Muka nufi wani tafki a wurin shaƙatawa na gari. A bakin shiga akwai wani babban allo cike da rubutu. Na kalle shi na wuce. Mutumin da ke karanta takardun digiri na uku dare da rana, ga lasisi a aljihu, me allo zai gaya masa?

Masu fatsa na zaune jefi-jefi, kowa ya zuba wa igiyarsa ido kamar mai zaman makoki. Na ga wani dattijo ya kamo kifi, ya shafa shi, ya mayar ruwa. Na ce wa Hajiya wannan almubazzaranci ne, yanzu za ta ga yadda ake yi.

Jifan farko birgin ya naɗe ni, na kwance kaina ina murmushi. Na biyu ya faɗi a dunƙule. A na uku ne hannuna ya tuna gida, ragar ta buɗe a sama ta sauka daidai inda nake so. Da na jawo, wallahi har ƙwalla ta zo mini. Kifi fal, manya da 'yan mitsi-mitsi, masu kama da karfasa, har da tarwaɗa biyu. Na juye su a bokiti ina satar kallon Hajiya, na ga ta gyara zama. Kifi na ganinka, mai jar koma, ashe ni ma ana gani na.

Wata Baturiya ma'aikaciyar wurin ce ta taho, da hula da kakinta, tana tafe a natse. Na miƙa mata waya da lasisi tun kafin ta tambaya. Ta duba ta ce ya yi. Sai ta nuna mini allon da na raina, ta bayyana cewa a tafkin nan da ƙugiya kaɗai ake kamu, kuma akwai iyakar yawan da mutum zai tafi da shi, don kowa ya samu. Ta ce tunda karon farko ne gargaɗi za ta yi mini, amma in mayar da su yanzu, kafin su mutu.

Hajiya ta tambayi abin da ake ciki. Na ce, cikin ladabi, baiwar Allah tana yaba aikina ne. (Allah ya yafe mini.) Daga nan na durƙusa na fara mayar da kifin ruwa ɗaya bayan ɗaya, masu fatsa sun daina kallon igiyoyinsu sun koma kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai da muka shiga mota, bokiti na ƙara a baya don ba komai a ciki, Hajiya ta yi magana.

"Malam, a garinku, baƙo yakan jefa raga bai gaida Sarkin Ruwa ba?"

Na ce a'a, Hajiya. Kuma gaskiya ce. Na sha ganin kakana yana ƙwace ragar wanda ya kwaso ƙananan kifi, yana cewa wanda ya cinye 'ya'ya bana ba zai ga iyaye baɗi ba. Dokar gidanmu ce na karya, sai da wata Baturiya ta tuna mini.

Amma alƙawari kaya ne. Washegari na sayi fatsa, na tsaya gaban allon nan na karance shi daga sama har ƙasa sau biyu, na zauna kusa da dattijon da na kira almubazzari. Shi ya koya mini ɗaura tana. Daga hantsi har la'asar, tarwaɗa ɗaya na samu, kuma ban taɓa ɗaukar kaya da alfahari irin na ranar ba.

Hajiya ta yi farfesun, Saudat ta sha, ni aka zuba mini kai. Tun daga ranar, ko a waya, Hajiya ba ta ce mini Malam, sai Sarkin Ruwa, kuma har yau ban gane yabo ne ko tsiya ba. Abin da na gane shi ne kowane ruwa da mai shi, sai ka yi sallama kafin ka shiga. In kuma cika baki ya zama dole, to ka bar surukarka a gida.