Kwamanda Mai In'ina

"Lafiya lau, amarya, sai dai ganinki da ya ɓata min hantsi."

"Ni ma ba kewarka ce ta kawo ni ba, tsohon miji. Buƙata ce."

Ina guga a baranda Tsinke, 'yar yayata, ta faɗo mana da jaka a kafaɗa. Baba na kan bencinsa yana goge takalmi, ɗabi'ar da bai bari ba tun da ya ajiye kakin soja, ko da iyakar tafiyarsa bakin ƙofa ce. Shi da jikar nan tasa in sun haɗu sai dai mutum ya ja gefe. Wani wasa take yi da abokan aikinta: a kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiri mutum ya zama shi, ɗaya yana jan labarin. Ni dai cewa nake aikin banza, manya da su. Amma yarinyar ta sa abin a ranta, har wata rama ta ƙara a kan ramarta.

"In saki kike so, na ba ki tun kafin ki zauna," in ji Baba.

"Wa zai kwashe ka in na tafi? Tarihi nake nema. Kujerar kwamanda nake so a wasanmu, mai jan labari ya ce sai na kawo tarihin mutumin, da dalilin da zai sa mayaƙa su bi shi. Na kai, ya yi watsi da shi. In ban kawo na kirki yau da la'asar ba, wani za a ba."

"Me kika kai masa?"

"Na ce sunansa Guguwa. In ya daka tsawa dawakai durƙusawa suke. Bai taɓa sanin tsoro ba."

"Wannan ai ɗan kamashon tasha kika kai, ba kwamanda ba. Gangar da ta cika zaƙi fashewa take."

"Ji mai magana! Kai da aka ce aikinka a soja riƙe wa tukunya murfi?"

"Sharrin maƙiya. Ni da na taɓa kamo jirgin sama da hannu ɗaya?"

"Ɗayan hannun yana riƙe da wando."

"Ke da ƙadangare ya kora daga banɗaki kike neman jan runduna? Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota."

"To riƙe min. Ba ni kwamanda na gaske, in har ka taɓa ganin ɗaya ba daga bayan tukunya ba."

Baba ya tofa wa takalmin ɗan yawu ya ci gaba da murzawa.

"Na ga ɗaya. Oga In'ina muke ce masa a bayan idonsa."

Tsinke ta kwashe da dariya har jakarta ta faɗi.

"Kwamanda mai in'ina? Tsoho, so kake a kore ni daga teburin gaba ɗaya?"

"Kafin ya gama cewa 'ku tashi', mun tashi, mun yi wanka, mun dawo."

"To da me yake ba da umarni? Da gira?"

"Da jiki. In ya miƙe, tafiya ce. In ya cire hula, a huta. Ba ya kai loma sai ya leƙa kwanon kowa. In an yada zango ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba tafin ƙafa, ya zauna ya saurari surutunmu, tunda shi nasa ba ya fita."

"Wannan ai inna ce, ba oga ba."

"Bari ki ji innar. Wata rana aka fi ƙarfinmu, muka ja da baya har bakin wani kogi. Ruwa ya kawo iya wuya, gada ta karye, sai igiya guda da aka ɗaura a wancan ƙetare. Bayanmu wuta ake zubowa. Kowa ya ƙame, ba mai shiga. Oga ya buɗe baki, 'ku, ku, ku', maganar ta maƙale. Na ce shi ke nan, yau in'ina ta kashe mu."

"Sai ka ruga."

"Ina zan ruga, uwar iya? Sai mutumin nan ya naɗe bakin igiyar a ƙugunsa, ya juya wa wutar baya, ya fuskance mu, ya kama waƙa."

"Waƙa?"

"Irin ta rarrashin jariri. Ashe mai in'ina in yana waƙa harshensa ba ya sarƙewa, mu ba mu sani ba. Murya tar, ko gargada babu. Ya riƙa kiran mu ɗaya ɗaya, kowa da sunan tsokanarsa, kowa da wanda ke jiransa a gida. Duk surutun da muke zuba masa, ashe ajiyewa yake. Wanda ya ji sunan uwarsa sai ka ga ya kama igiya kamar an ja shi."

Tsinke ta zauna a ƙasa dirshan, ita da ko kujera sai ta kaɗe take zama.

"Kai me ya ce maka?"

"Ba ruwanki."

"Faɗi mana, ango."

"Ƙafar Agwagwa."

"Agwagwar da ke tsoron ruwa?"

"Tafiyar ce ta agwagwa, ba iyon ba, marar kunya." Sai ya ajiye burushi, ya rera a hankali da tsohuwar muryarsa: "Ƙafar Agwagwa taho, taho, 'yarka ta fara rarrafe, taho."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ni ce 'yar. A gidan nan na girma, na yi aure, na haifi nawa, ban taɓa jin wannan zance ba sai yau da aka zo neman tarihin wasa. Na kife dutsen guga a kan mazauninsa.

"Shi ogan kuma fa?" Tsinke ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Da na ƙarshenmu ya taka tudu, sai waƙar ta tsaya, igiyar ta saki. Muka buɗe baki mu kira shi yadda ya kira mu, ba wanda ya san wa ke jiransa. Ya sha fara gaya mana, kafin ya kai ƙarshe an busa begila."

Baba ya sake ɗaukar burushinsa.

"Kaka, ka ba ni shi," in ji Tsinke. Rabon da in ji ta ce masa Kaka har na manta.

"Ba a banza ba. In kin kai shi teburinku, ki tsallakar min da shi."

"Ba ni ke yankewa ba, wannan ce." Ta zaro wata ƙwaya daga jaka, kamar ta ludo amma mai fuska ashirin. "Babbar lamba, ya haye. Ƙarama, ruwa ya ci."

"Miƙo nan. Hannunki ba albarka."

Ya karkaɗa ta a tafinsa ya watsa. Ta gangara ƙarƙashin teburin guga ta tsaya a gefen ƙafata. Uku ce, da idona na gani. Tsinke ta yi wuf ta dafe ta.

"Ashirin! Ya haye!"

"Ƙarya kike." Ya juyo gare ni. "Ke, nawa ce?"

"Baba, ni guga nake."

Ya dube ni, ya dube ta, sai ya fashe da dariya har yana share ido da tsumman takalmi.

"Gidan maƙaryata! Kin ci, amarya, ɗauke shi ki tafi. Matso in koya miki waƙar, ko da yake muryarki ta ƙofar gareji ce. Kuma wannan karon ki sa masa mai jiransa a gida."

"Wa zan sa?"

"Ki sa wani tsoho mai ƙafar agwagwa."