Simashin Ta Cinye Mini Gonar Kankana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Raba wa Kalmomin Turanci Aiki, Allah ya ƙara wa ƙamus kauri.

Bayan gaisuwa da fatan kalmominku sun tashi lafiya, ni manomin kankana ne a gefen Ɗanbatta. Na kawo ƙarar wata ma'aikaciyarku mai suna "simashin".

Na ɗaya. Wani malamin gona ya zo daga birni, ya ga kankanata ta yi ɓul-ɓul, ya kaɗa kai ya ce "simashin!" Yana tafiya na garzaya wurin Malam Abdulhadi mai ƙamus. Ya duba ya ce ma'anarta a ragargaza abu da ƙarfi har ya yi kaca-kaca. Ranka ya daɗe, wane ni in ja da gwani? Na ɗauka cuta ya hango. Na ari taɓaryar matata Tahira, kafin la'asar gona ta yi jawur. Awakin maƙwabta har yau in sun gan ni sai sun gaishe ni.

Na biyu. Da 'yata Zakiyya ta zo hutu daga makaranta, sai ta ce ai yabo ne, wai abu ya yi kyau matuƙa. Haba, yallaɓai! Kalma ɗaya kujera biyu? Da safe ta fasa kaya, da yamma ta yi kirari? Na san mu ma muna fasa tulu, muna fasa tafiya, amma mu aƙalla muna jan murya a ɗaya don a bambance.

Na uku, kuma shi ne ya tayar mini da hankali. Jiya malamin gonan ya dawo, ya ga aika-aikar, ya riƙe baki. Don ya lallashe ni, sai ya dafa kafaɗata a gaban Tahira ya ce duk da haka ni mutum ne "simashin". Tahira, wadda da ita muka yi ta ban ruwa duk ranin nan, ta ce ba ruwanta da fassarar yara, ita mazhabar Malam Abdulhadi take bi. Ta wanke taɓarya tas, ta jingine ta a ƙofar ɗakina. Wallahi tsoro nake ji.

Ina roƙon ofishinku mai albarka ya yanke wa kalmar nan aiki ɗaya tak, wanda Zakiyya ta faɗa. In kuwa na ƙamus kuka zaɓa, ba sai kun wahalar da kanku da amsa ba, Tahira za ta isar mini da saƙon.

Naka mai biyayya har ƙasa, daga cikin rumbu,
Zaharaddini Mai Kankana (a da)